Rijiya ta bayar, wa ke riƙe da guga?

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan ƙananan asibitocin da ke mazaɓun Kabo da Gwarzo sukan zauna su tattara lissafin aikinsu a takarda: yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa aka gwada aka sami zazzaɓin cizon sauro a jininsu. Takardar takan tafi sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda wani jami'i zai shigar da alƙaluman cikin kwamfuta, daga nan su isa Kano, su isa Abuja. Manhajar da ke karɓar wannan lissafi sunanta DHIS2. A Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway aka raine ta, ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita, kuma babu wanda ake biya kuɗin lasisinta. Haka ma ODK, manhajar cike fom a waya da aka fara ginawa a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, wadda masu sa ido kan rigakafin shan-inna suka yi ta yawo da ita a ƙauyukan Arewa a shekarun fafutukar da ta kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020. Duka biyun daga dangi ɗaya suka fito, dangin manhajoji masu buɗaɗɗen tushe.

Kowace manhaja da rubutu ake gina ta, wato dogon jerin umarni da mutum ke rubuta wa kwamfuta. Yawancin kamfanoni sukan ɓoye wannan rubutu. Manhajarsu kamar ƙullin garin magani ce a hannun mai magani: zai sayar maka, ya gaya maka yadda za ka sha, amma ba zai faɗa maka sassaƙen da ya daka ba, balle ka haɗa naka. A 1983 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Richard Stallman, ya shelanta cewa zai gina cikakken tsarin kwamfuta da kowa zai iya karanta rubutunsa, ya gyara, ya raba. A 1989 ya fitar da lasisin GPL mai sharaɗi guda mai nauyi: duk wanda ya ɗauka ya gyara sannan ya raba wa jama'a, dole ya saki nasa gyaran a buɗe kamar yadda ya samu. Bayan shekara biyu wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. Yau duk wayar Android da ke jere a kan teburin mai cajin waya a Gammo, Linux ce a ƙarƙashinta.

Lasisi ya warware maganar mallaka. Akwai wata magana da bai taɓa ba, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kowa yana da ikon kwafar manhaja ya yi yadda ya so da tasa, amma babban kwafin da duniya ke amfani da shi yana hannun wasu 'yan tsirarun mutane masu kula da aikin. In ka ga kuskure ka gyara, sai ka miƙa musu gyaranka, su duba shi a bainar jama'a, su karɓa ko su mayar maka. A nan ne baƙo ke fara haɗuwa da masu gida. In an amsa masa da ladabi, ko da an ƙi aikinsa, yakan dawo da wanda ya fi. In an yi masa dariya, ko an bar shi wata uku babu ko "mun gani", ya tafi ke nan, kuma lasisin yana nan a buɗe yadda yake. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Su kansu masu Linux sai da suka shekara 27 kafin su yarda da haka a rubuce. Torvalds ya yi suna wajen zafin baki. In aka aiko masa da aikin da bai gamsar da shi ba, yakan yi wa mai aikin tatas a gaban dubban mutane, har da ashar, magoya bayansa kuma su ce ai ingancin aiki yake karewa. Ranar 16 ga Satumban 2018 ya fito ya nemi afuwa, ya ce zai ɗan janye ya nemi taimako kan halinsa, kuma a lokacin ne Linux ta ɗauki ƙa'idar zaman tare da aka ciro daga Contributor Covenant, takardar da Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014, wadda dubban ayyuka suka ara. Bayan kimanin wata guda ya dawo bakin aiki. Shekara ɗaya kafin wannan, kamfanin GitHub, inda akasarin irin waɗannan ayyuka suke zaune, ya yi wa mutum kusan 5,500 tambayoyi. Rabinsu suka ce sun taɓa ganin ana cin mutuncin wani, kuma kashi 21 cikin ɗari na waɗanda suka gani ko aka yi wa sun daina ba da gudummawa a wani aiki saboda haka. Mata kashi 3 ne kawai cikin ɗari na waɗanda suka amsa.

Wanda ke ganin wannan duk maganar lallashin masu saurin fushi ce, ya dubi abin da ya faru da XZ. Wata ƙaramar manhaja ce ta matse bayanai, ba ta da suna a wajen jama'a, amma tana cikin kusan kowace babbar kwamfutar Linux da ke ɗauke da intanet. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke kula da ita a lokacin hutunsa, Lasse Collin, ba tare da ana biyan sa ba. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko masa da ƙananan gyare-gyare masu kyau. A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su ba suka taso Collin a gaba: aiki ya tsaya, ba ka amsa wa mutane, in ba za ka iya ba ka miƙa wa wani. Ya ba su amsa cewa ya daɗe yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma aikin na sa-kai ne. Ba su sassauta ba. Sannu a hankali Jia Tan ya sami ikon sakin sabon zubi, kuma a farkon 2024 ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta bai wa mai mabuɗinta damar shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa a faɗin duniya. Wani injiniya mai aiki da Microsoft, Andres Freund, shi ya lura cewa shiga wata na'urarsa na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin zubin ya bazu. Masu bincike da yawa suna ganin waɗancan sunaye da suka yi ta caccakar Collin na bogi ne, an ƙirƙire su ne don a gajiyar da shi. Takardar ƙa'ida ita kaɗai ba za ta hana wannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makamin da aka zaɓa. An yi amfani da rashin kunya ne, kuma ya ci, domin yi wa ɗan sa-kai tsawa abu ne da aka saba gani har ba wanda ya ɗauke shi alamar haɗari.

Mu ma yanzu muna gini. Masakhane, haɗakar masu binciken harsunan Afirka da ta fara a 2019, tana sakin ayyukanta a buɗe. Ƙungiyar HausaNLP tana tattara bayanan da ake koya wa na'ura Hausa da su. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga harsunan Hausa, Ibo, Yarbanci da Burokan Inglishi, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka. A 2021 Hausa ta shiga cikin tarin muryoyi na Common Voice da Mozilla ke gudanarwa. Ga kuma Wikipedia ta Hausa, da 'yan sa-kai ke rubutawa. Mafi yawan hannuwan da irin wannan aiki ke buƙata ba na injiniyoyi ba ne. Ana neman mai karanta jimla da murya, mai fassara, mai gyara ƙa'idar rubutu, mai sanin abin da ake kiran kowane ɓangare na garma. Ni kaina aikina jarida ne, ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ban iya rubutawa ba, amma ta wannan ƙofa na shiga wani rukunin 'yan sa-kai da ke tattara jimlolin Hausa.

Duk lokacin da aka kawo maganar rubuta ƙa'idar zaman tare a irin waɗannan rukunoni namu, akwai amsar da takan fara fitowa: mu ba Turawa ba ne, muna da tarbiyya, muna da addini, ba sai takarda ta koya mana gaisuwa ba. Ba na raina wannan amsa, domin na san inda ta samo ƙarfinta. A Gammo na tashi, kuma na riski gayya tana da sauran rai. In damina ta kankama, noma ya fi ƙarfin mai gona, sai ya kira gayya. A dama fura, a tuƙa tuwo, wani lokaci a kira makaɗa, kowa ya zo da fartanyarsa ya kama kunya ɗaya ya bi har ƙarshe. Babu takarda, babu albashi, amma kowa ya san iyakarsa. Wanda ya zo cin tuwo kawai, gari ya gan shi. Wanda aka kira ya ƙi zuwa, ranar tasa gayyar zai ga gonarsa wayam. Mai gonar da ya wulakanta 'yan gayya, baɗi sai ya nemi 'yan ƙodago.

Sai dai abin da ke riƙe da gayya shi ne zama wuri ɗaya. Wanda ka yi wa rashin mutunci a gona da safe, kafaɗa da kafaɗa za ku yi sallar magariba, za ku haɗu a wurin suna da jana'iza, ƙila ma ƙanwarka ke gidan wansa. Rukunin WhatsApp mai mutum ɗari biyu, wani a Zariya, wani a Maraɗi, wata a Kumasi, wani yana karatu a Malesiya, ba shi da masallaci ɗaya. Wanda aka ɓata wa ba ya kai ƙara wurin mai unguwa. Maɓalli ɗaya yake dannawa ya fita, kuma sau da yawa ba a ma lura ba. Mun ɗauko gayya mun kai ta inda idon gari ba ya kaiwa, sannan muna sa ran ta riƙe kanta kamar da.

Kuma tarbiyyar tamu tana da nata hanyoyin korar mutum, waɗanda takardar da aka rubuta a Amurka ba ta san da su ba. Mu ba mu cika yin ashar irin ta Torvalds ba. Ga abin da na gani da idona a rukuninmu. Wani malamin jami'a, mai digirin digirgir a fannin kwamfuta, ya shigar da ɗaruruwan jimloli. Aiki ne mai yawa, kuma don Allah ya yi shi. Amma ya haɗe "za mu" ta zama kalma ɗaya, ya raba "yana" gida biyu, haka daga farko har ƙarshe. Wata malamar firamare daga yankinmu, mai takardar shaidar malanta a fannin Hausa, ta yi sallama, ta yaba aikin, sannan ta nuna kuskuren tare da misalai. Babu wanda ya ce ba ta da gaskiya. Wani ne kawai ya rubuta mata: "Malama, Dakta ne fa." Wani ya bi da habaici kan masu son a san da su. Shi Daktan bai ce komai ba, kuma ina kyautata zaton bai ma ga saƙon a kan lokaci ba. Na yi magana, aka ce mini in bari, za a daidaita ta bayan fage. Daga ranar, duk jimlolin da malamar ta miƙa sai su yi makonni babu wanda ya duba. Bayan wata biyu ta fita.

In aka ɗauki kowace takardar ƙa'ida ta ƙasashen waje aka auna wannan lamari da ita, da wuya a kama wani da laifi. Ba a zage ta ba, ba a yi mata barazana ba. Amma an yi asarar mutum guda da ta fi kowa a rukunin sanin abin da ake yi, kuma jimlolin sun zauna da kurakuransu na tsawon lokaci. A irin wannan aiki kuskure ba ya tsayawa a inda aka yi shi. Na'ura tana koyo ne daga abin da aka ba ta, kuma za ta maimaita shi ga duk ɗalibin da ya tambaye ta, a matsayin daidaitacciyar Hausa. Girmama na gaba abu ne mai kyau a zaure. A wurin duba aiki kuwa, in aka ce ƙarami ba zai gyara wa babba ba, to an rushe dalilin buɗe aikin tun daga tushe, domin duk amfanin buɗewa shi ne idanu su yi yawa.

Sai maganar karin harshe, wadda mu Kanawa ya kamata mu fi kowa kula da ita. A Common Voice, mutum yakan karanta jimla, wasu su saurara su danna "e" ko "a'a". In biyu suka amince, muryar ta shiga. In biyu suka ƙi, an jefar da ita. Ka'idojin aikin sun nemi a yi haƙuri da bambancin lafazi, amma mai sauraro shi kaɗai ne da wayarsa. Bakano da ya taso yana jin cewa bakinsa shi ne ma'auni, in ya ji lafazin Sakkwato ko Gobir ko Damagaram, yatsansa na iya tafiya kan "a'a" ba tare da mugun nufi ba. Haka a wurin tattara jimloli: wanda ya kawo "tahi" ko "biyat" ko "shina" sai a ce ya yi kuskure, alhali Hausar miliyoyin mutane ce, kuma ƙamusun Bargery tun 1934 yake ajiye irin waɗannan kalmomi tare da nuna yankin da suka fito. Ɗan Nijar da ya rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y bin ƙa'idar ƙasarsa yake yi. In aka ci gaba da tankaɗe su, za a wayi gari da na'urar da ke jin mutumin Fagge amma ta kurumce a gaban tsohuwa daga Tsibiri. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, kuma kowane aiki yana da ikon cewa ita yake tattarawa. Amma a faɗa tun farko, a rubuce, kuma a ce "wannan kari ne dabam" maimakon "wannan ba Hausa ba ce". Jimlar ta biyu ce ake jefa wa Bahaushen zango a Accra, da wanda ya tashi da Hausa a Jos ko Kafanchan yana zuwa coci, kuma ba ta tsaya ga gyaran kalma ba.

Na mata kuwa kowa ya sani, an dai fi so a yi shiru. Mace ta yi tambaya a rukuni kan yadda ake miƙa gyara, kafin dare mutum uku sun bi lambarta da "Salam, 'yar'uwa, a ina kike da zama?" Ga matar aure a garuruwanmu, wadda wataƙila sai da aka yi shawara a gida kafin ta shiga, saƙo ɗaya irin wannan ya isa ya rufe mata ƙofar har abada. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gyare-gyare kusan miliyan 3 a GitHub ya gano cewa an fi karɓar aikin mata a kan na maza, amma ga baƙin da ba 'yan gida ba, karɓuwar takan ragu idan ana iya gane cewa mace ce. Can ke nan, inda ba a ganin lambar waya.

Akwai ƙorafi na biyu da nake ji, cewa waɗannan takardu suna zuwa da aƙidun da ba namu ba, kuma wanda ya sa hannu ya amince da duk abin da ke ciki. Amsata gajera ce. Contributor Covenant ita kanta a buɗe aka sake ta, kowa na iya ɗauka ya sauya. In aikin na wasu ne muka shiga, to baƙi muke, kuma abin da ake nema a wurinmu shi ne kada mu ci mutuncin kowa, wanda ba sabon umarni ba ne a gare mu. In aikin namu ne, mu rubuta tamu da bakinmu. Wanda ya karanta aya ta 11 da ta 12 na Suratul Hujurat ya san an hana izgili, da jifa da miyagun laƙabi, da mugun zato, da bin diddigin sirrin mutane, da giba. Ba ƙarancin abin faɗa ke damunmu ba. Abin da ba mu da shi shi ne amsar tambaya mai sauƙi: in an yi wa mutum, wa zai gaya wa, kuma me zai biyo baya?

Wannan ne ɓangare mai wuya a ko'ina. Hukumar amintattu ta Wikimedia ta amince da ƙa'idar ɗa'a ta bai-ɗaya ga dukkan ayyukanta, har da na Hausa, a Disamban 2020. Yadda za a aiwatar da ita kuwa sai da aka yi ƙuri'a, aka koma aka gyara, aka sake ƙuri'a a 2023, sannan a 2024 aka zaɓi kwamitin da zai kula da ita. Rubutun ya ɗauki watanni, hukuncin ya ɗauki shekaru. Sababbin zubin Contributor Covenant ma sun ƙara matakai: a fara da gyara a asirce, sai gargaɗi, sai dakatarwa ta ɗan lokaci, sai kora. Amfanin matakan shi ne mai ƙorafi ya san ba kashe wani zai yi ba in ya yi magana. A wurinmu wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin mutane da yawa sun gwammace su haɗiye a kan a ce su ne suka jawo aka kori wani.

Sunan garinmu ya yi daidai da sunan tsumman nan da ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki tulu ko damin dawa. Gammo ba ya rage wa kaya nauyi ko kaɗan, kuma ba wanda ke yabon sa in an iso gida. Haka nake kallon wannan takarda. Ba za ta rubuta jimla ko ɗaya ba, ba za ta saya wa kowa data ba, kuma wanda ya ce ita ce aikin ya ruɗi kansa. Na ga rukunonin da suka kwafo ta da Turanci suka manna don masu ba da tallafi su gani, wurin da aka ce a sa adireshin kai ƙorafi ma ba a cike ba.

Bayan fitar malamar, mu kaɗan muka zauna muka rubuta daftari da Hausa, shafi biyu. Ba mu fara da jerin kyawawan ɗabi'u ba, abubuwan da suka faru muka bi. Mun rubuta cewa ana karɓar gyara ko a ƙi shi ne bisa hujja, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ko ƙa'idar rubutu da aka amince da ita, ba bisa shekaru ko muƙamin wanda ya kawo ba. Mun rubuta cewa duk aikin da aka miƙa za a amsa shi cikin mako biyu, ko da amsar ita ce ba a samu dubawa ba tukuna, domin mun ga yadda ake hukunta mutum da shiru. Mun hana bin kowa ta lambarsa ba da izininsa ba. Mun ce duk wanda ya yi aiki za a sa sunansa a abin da aka fitar, in yana so, ko da jimla hamsin ya duba, saboda ɗalibai sun gaji da ganin guminsu a ƙarƙashin kalmar "da sauransu". Masu karɓar ƙorafi mutum uku ne, dole a sami mace a cikinsu, dole kuma a sami wanda ba Bakano ba, kuma ana iya zuwa wa kowane ɗaya daga cikinsu shi kaɗai.

Duk wannan ya wuce ba tare da gardama mai yawa ba. Inda aka tsaya shi ne sakin layi na bakwai, wanda ya ce in ƙorafin a kan shugaban rukuni ne, ko a kan ɗaya daga cikin ukun, to zai koma gefe har a gama, kuma hukuncin zai hau kansa kamar kowa. Wani dattijo a cikinmu, wanda nake ganin girmansa, ya kira ni a waya ya ce, "Malam, mutumin da ya kafa abu da kuɗinsa da lokacinsa, yanzu yara ne za su zauna su yi masa shari'a?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka cire wannan, sauran shida a kan yara kaɗai za su yi aiki." Ya yi shiru, sannan ya kawo wata shawara: a bar sakin layin, amma in ƙarar ta shafi babba, a gayyato mutum na huɗu daga wajen rukunin, wanda shekarunsa suka kai, ya zauna tare da su, don kada hukuncin ya zama cin fuska. Wasu matasan suna ganin wannan dawo da tsohon hali ne ta taga. Ni ina ganin zai iya aiki, muddin mai ƙorafi yana da ikon cewa bai yarda da wanda aka gayyato ba. A kan wannan sharaɗi ake har yanzu, an ɗage zama sau biyu. Malamar kuwa an aika mata daftarin ta hannun wata abokiyar aikinta. Ta mayar da shi da gyara a wurare goma sha ɗaya, tara na ƙa'idar rubutu, biyu na ma'ana, ta ce a sanar da ita in an gama da na bakwai.